Labarin Zobe a na'urar wasa: Ina madannin afuwa?

A ranar 25 ga watan Fabrairun shekarar 2025 ne kamfanin Warner Bros. na ƙasar Amurka ya ba da sanarwar rufe wasu rassansa guda uku masu ƙera wasannin bidiyo, ciki har da wanda ake kira Monolith Productions, wanda aka kafa tun 1994. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda rufe kamfanoni da sallamar ma'aikata sun zama ruwan dare a wannan masana'anta tun daga shekarar 2023. To amma wannan reshe shi ne ya ƙera wasanni biyu da suka yi tashe a duniya, wato Shadow of Mordor na 2014 da Shadow of War na 2017, waɗanda aka gina bisa duniyar fina-finan nan na almara, The Lord of the Rings, da za mu iya fassarawa da Sarkin Zobba. Rufe shi ya kawo ƙarshen wani babi na tafiyar da ta ɗauki wannan labari daga takarda zuwa majigi, daga majigi kuma zuwa na'urorin wasa irin su PlayStation da Xbox, waɗanda ba su da wuyar gani a falukanmu da shagunan buga gem na unguwanninmu. Don haka na ga ya dace mu waiwaya, mu duba abin da ya tsira a wannan doguwar tafiya da kuma abin da ya zube a hanya.

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, ga mahangar da nake kallon al'amarin da ita. Kowane wasan bidiyo harshe ne mai nahawun kansa, kuma madannan da ke kan linzaminsa, wato abin nan da mai wasa ke riƙewa da hannu biyu, su ne aikatau ɗin wannan harshe. Duk aikin da ba a ware wa madanni ba, mai wasa ba zai iya furta shi ba, ko da kuwa shi ne zuciyar labarin da aka ce ana bayarwa. Ke nan wanda ya zaɓi aikatau ɗin shi ne marubucin gaskiya, ko sunan wa aka buga a bangon kwali. Wasannin da aka ciro daga labarin Zobe sun fi kowane misali da na sani fito da wannan magana fili.

Kafin mu kai ga wasan, ya kamata mu san mai labarin. An haifi J.R.R. Tolkien a garin Bloemfontein na Afirka ta Kudu a 1892, ya tashi a Ingila, ya kuma rasu a 1973. Sana'arsa ita ce nazarin tarihin harsuna. Ya yi aiki da masu haɗa babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford, inda aka danƙa masa wasu kalmomi masu farawa da harafin W, sannan ya zama farfesan tsohon Turanci a Jami'ar Oxford a 1925. Tun yana saurayi ya fara ƙirƙirar harsuna na ƙashin kansa, da tsarin sautinsu da ƙirar kalmominsu, har da tarihin yadda suka rarrabu daga tushe guda. Biyu daga ciki sun fi shahara: Quenya, wanda ya ɗebo kamannin harshen mutanen Finlan, da Sindarin, wanda ya ɗebo na mutanen Wales. Shi da kansa ya bayyana a wasiƙunsa cewa harsunan ne suka riga zuwa, labarin ya biyo baya domin a sama musu ƙasa da al'ummar da za ta yi magana da su. An buga The Hobbit a 1937, sai The Lord of the Rings ya fito a juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955. Haka kuma mutum ne da ya ga yaƙi da idonsa, domin yana cikin sojojin Birtaniya a gumurzun Somme na ƙasar Faransa a 1916, kuma a wannan shekara ya rasa biyu daga cikin aminansa na makaranta.

Ga wanda bai san labarin ba, ga shi a gurguje. Wani azzalumin sarki mai suna Sauron ya ƙera zobe ya zuba ikonsa a ciki. Zoben ya kuɓuce masa, bayan shekaru aru-aru ya faɗa hannun Frodo, wani ɗan taliki daga jinsin gajerun mutane da ake kira Hobbit. Duk wanda ya yi aiki da zoben, ko da niyyar alheri ne, sai ya juyar masa da zuciya. Saboda haka aka yanke shawarar a kai shi dutsen nan mai aman wuta inda aka ƙera shi, a jefa shi ciki. An yi wa manyan masu hikima irin su Gandalf da Galadriel tayin zoben, suka ƙi karɓa, domin sun san abin da za su zama. Jarumi Boromir ya nemi ya ƙwace shi don ya ceci ƙasarsa, sai hakan ya wargaza tawagar. Akwai kuma Gollum, wani abin tausayi da zoben ya lalata, wanda sau da dama ya faɗa hannun waɗanda za su iya kashe shi, amma suka ƙyale shi. Idan aka ce in tsamo aikatau ɗin da labarin ya ginu a kansu, zan ce su ne ƙin karɓa, da jurewa, da yafewa, da sakin abin da rai ke so.

Lokacin da Peter Jackson, ɗan ƙasar Niyu Zilan, ya mai da littafin fina-finai uku a 2001 da 2002 da 2003, ya yi ƙoƙarin riƙe wannan zare. Har ma an ɗauko wani masanin harshe Ba'amurke, David Salo, ya tsara maganganun da 'yan wasa suka furta da harsunan Tolkien. Fina-finan sun tara kusan dala biliyan 3 a gidajen sinima, suka kuma lashe lambobin yabo na Oscar guda 17, 11 daga ciki na fim na uku ne. Amma tun daga nan ma'auni ya fara karkata. Yaƙin ganuwar Helm's Deep, wanda babi ɗaya ne rak a littafi, ya cinye kusan minti 40 a fim na biyu. Kyamara ta fi son abin da ke motsi, kuma ba laifinta ba ne.

A watan Oktoban 2002, wata biyu kafin fitowar fim na biyu, kamfanin Electronic Arts ya fitar da wasan The Two Towers a kan PlayStation 2. Duk wanda ya taɓa riƙe linzamin wannan wasa, kamar yadda na riƙe, zai tuna yadda hoton fim ke narkewa a hankali ya koma hoton wasa, sai kawai mutum ya tsinci kansa a tsakiyar fagen fama, da muryoyin 'yan wasan fim ɗin na gaske suna yi masa tsawa. Babu shakka aikin gwaninta ne. To amma mu ƙirga kalmomin da aka ba hannu: sara mai sauri, da sara mai ƙarfi, da kare sara, da turewa, da harbi, da ƙarasa wanda ya faɗi ƙasa, sai ɗan tsalle da baya. Kusan dukkansu, a yaren malaman nahawu, aikatau ne so-karɓau, kuma karɓau ɗin guda ne a kullum, wato abokin gaba. Mai wasa na zaɓen ɗaya daga mayaƙa uku, Aragorn ko Legolas ko Gimli. Shi kuwa Frodo, mai ɗauke da zoben da ake rigimar dominsa, ba ya cikin waɗanda ake zaɓa a wannan na'ura.

Bugu da ƙari, wasan na ba kowane kisa daraja, hawa huɗu, daga mai dama-dama zuwa wanda babu na biyunsa, kuma da makin da aka tara ake sayen sababbin dabarun sara. A nan sai in tuna wani wuri a littafin, inda Sam, abokin tafiyar Frodo, ya ga gawar wani mayaƙi daga ƙasashen kudu masu zafi da suka zo taimakon Sauron, ya tsaya yana tunanin ko mene ne sunan mutumin, daga ina ya fito, ko mugu ne da gaske, ko kuwa ƙarya da barazana ne suka raba shi da gida. Wannan tunanin tsohon soja ne da ya ga gawarwaki a ramukan yaƙi. A wasan da ya biyo baya a 2003, The Return of the King, irin waɗannan mayaƙa da giwayensu na yaƙi maki ne da ake tarawa, domin babu madannin tsayawa a tambayi sunan mamaci.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne ƙarshen labarin. A littafi, da Frodo ya isa bakin wutar, sai zuciyarsa ta gaza, ya ce zoben nasa ne, ya sa shi a yatsa. Gollum ya far masa, ya gatse yatsan, ya shiga rawar murna a bakin rami, ƙafarsa ta zame, ya faɗa da zoben. Ba wanda ya tura shi. Darasin a fili yake: jarumin ya kasa, abin da ya ceci duniya shi ne afuwar da aka riƙa yi wa wani ƙasƙantacce a baya. A fim, Jackson ya sa Frodo ya sake kama kokawa da Gollum har suka gangara tare, Frodo ya maƙale a jikin dutse. A wasan 2003 kuwa, mai wasa ne da hannunsa, a matsayin Frodo, zai yi ta dukan Gollum har ya kai shi gaɓa, ya kuma tabbatar ya faɗa, kafin a ce ya ci wasan. Mai karatu ya duba matakan nan uku: ya faɗi da kansa, sun faɗi suna kokawa, na jefa shi. An mai da aikatau ƙi-karɓau ya koma so-karɓau, kuma da wannan ɗan sauyi na nahawu ma'anar littafi mai shafi sama da dubu ta kife.

Na san za a ce ai haka wasa ya gada, ba za a ba mutum linzami sannan a ce ya zauna yana kallon kaddara na aiki ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai ba ɗabi'ar na'ura ce kaɗai ta zaɓi waɗannan aikatau ba, akwai hannun lauyoyi da 'yan kasuwa. A 1969 Tolkien ya sayar wa kamfanin United Artists haƙƙin yin fim da kayan talla daga littattafan biyu, a kan kuɗi kaɗan fiye da fam 100,000. A 1976 haƙƙin ya koma hannun wani mai shirya fina-finai, Saul Zaentz. Daga wannan tushe aka riƙa yanka lasisi ana rabawa kamar naman watanda. Shi ya sa a ƙarshen 2002 aka sami wasanni biyu na kamfanoni biyu masu hamayya a kasuwa lokaci guda. Electronic Arts na da lasisin fina-finai, ba shi da na littattafai, don haka ba ya iya taɓa abin da bai fito a fim ba. Kamfanin Vivendi kuwa na da na littattafai, ba shi da na fina-finai, don haka wasansa ya ƙunshi mutane irin su Tom Bombadil da fim ya tsallake, amma ba shi da ikon amfani da fuskokin 'yan wasa ko kiɗan fim. Sai a 2005 Electronic Arts ya haɗa lasisin biyu, a 2009 kuma ragamar ta koma hannun Warner. Ga kuma matsin lokaci, domin wasan da aka ɗaura wa fim dole ya fito tare da fim ɗin, ko ya nuna ko bai nuna ba. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Abin da ya fi sauƙin ƙerawa cikin gaggawa, ya kuma fi saurin shiga kasuwa, shi ne sara.

Magadan Tolkien ma sun ga inda aka dosa. A watan Nuwamban 2012 suka maka Warner da abokan hulɗarsa a kotu a Amurka, suna neman diyyar dala miliyan 80, bisa zargin an wuce gona da iri wajen sa sunan labarin a na'urorin caca da wasannin intanet, alhali yarjejeniyar 1969 ta shafi kayan da ake iya taɓawa da hannu ne. An sasanta a wajen kotu a 2017. A watan Agustan 2022 kuma wani kamfanin wasanni na ƙasar Suwidin, Embracer Group, ya saye kamfanin da Zaentz ya bari mai riƙe da haƙƙin, a kan kuɗin da daga baya aka bayyana sun kai kimanin dala miliyan 395. Wanda ya zuba irin wannan dukiya, ba sai an faɗa ba, riba yake jira.

Mu komo kan Monolith da muka fara da shi. A Shadow of Mordor mai wasa na ɗaukar matsayin Talion, wani dakare da aka kashe tare da iyalinsa, ya dawo da taimakon wata fatalwa domin ɗaukar fansa. Abin da ya ɗaga sunan wasan shi ne wani tsari da suka kira Nemesis. Dodannin nan na rundunar Sauron da ake kira Orc, kowane hafsa a cikinsu an ba shi suna da laƙabi da hali da abin da yake tsoro. Idan ya kashe ka, sai a ƙara masa girma, kuma in kun sake haɗuwa zai tuna maka. Idan ka ƙona shi ya tsere, zai dawo da tabo a fuska da gori a baki. A matsayina na mai nazarin harshe, wannan ya burge ni ƙwarai, domin an ba dodo tarihi ta hanyar magana. Tolkien kansa, kamar yadda rubuce-rubucensa da aka buga bayan rasuwarsa suka nuna, ya daɗe yana kai-kawo kan asalin waɗannan halittu, domin abin da ke magana yana da hankali, mai hankali kuwa da wuya a ce kashe shi ba komai ba ne.

Wani abin lura a nan shi ne irin Turancin da aka sa a bakinsu. Tun a fina-finai, da yawa daga dodannin na magana ne da karin harshen talakawan birnin Landan, su kuwa jinsin Elf masu daraja da hikima suna magana da Turancin masu ilmi da sarauta, kuma wasannin sun ɗora daga nan. Mu da muka saba ganin yadda a fina-finanmu na barkwanci ake yawan ba wawa Hausar ƙauye ko gwaranci, mun san wannan dabara, mun kuma san abin da take koya wa yaro game da wanda bakinsa ya bambanta da nasa.

To bayan an ba dodon suna da murya, wane aikatau aka ba mai wasa a kansa? Guda biyu ne manya: ko ya sare masa kai, ko ya ɗora masa hannu a fuska ya mallake hankalinsa, ya mai da shi bawa mai yi masa leƙen asiri da yaƙi. A Shadow of War ma da ƙera sabon zoben iko aka buɗe labarin. Wato abin da Gandalf da Galadriel suka guje wa, abin da ya kai Boromir ƙasa, shi ne aka mai da aikin mai wasa daga farko har ƙarshe. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Masu kare wasan za su ce ai labarin bai ɓoye sakamakon ba, tunda a ƙarshe fatalwar ta ci amanar Talion, shi kuma ya rikiɗe ya zama ɗaya daga bayin Sauron. Haka ne. Amma wannan gargaɗi na zuwa ne a 'yan mintocin da aka karɓe linzami daga hannun mai wasa aka ce ya kalla, bayan an shafe sa'o'i masu yawa ana saka masa da maki da ganima duk lokacin da ya bautar da wani. Kowane malamin harshe ya san cewa abin da ɗalibi ya maimaita da bakinsa sau dubu ya fi zama a kansa fiye da ƙa'idar da aka rubuta masa sau ɗaya a allo.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Lokacin da Shadow of War ya fito a watan Oktoban 2017, akwai kasuwa a cikinsa inda mai wasa zai biya kuɗi na gaske ya sayi akwati a rufe, bai san irin dodon da zai tarar a ciki ba sai ya buɗe. Suka ta yi yawa, har kamfanin ya rufe kasuwar a watan Yulin 2018, bayan ya amince cewa sayen dodanni na rushe ainihin abin da ya sa wasan ya yi armashi. A watan Fabrairun 2021 kuma hukumomin Amurka suka ba Warner takardar mallakar fasahar Nemesis, wadda za ta ci gaba da aiki har zuwa 2036. Ma'ana, sabuwar hanyar nan ta sa abokin gaba ya tuna ka, wadda wani mai basira zai iya juya ta ya gina wasa kan sulhu ko yafiya ko riƙon amana, tana kulle a aljihun kamfani guda, kuma reshen da ya ƙirƙiro ta an rufe shi a 2025. A harshen mutane ba mai iya yi wa aikatau rajista ya hana maƙwabcinsa furta shi, amma a harshen na'ura ga shi an yi.

An yi yunƙurin sauya ƙamus ɗin, kuma adalci ne a ambata. A watan Mayun 2023 kamfanin Daedalic na birnin Hamburg a Jamus ya fitar da wasan Gollum, bisa lasisin littattafai. A nan aikatau ɗin su ne laɓewa da rarrafe da hawan bango, da kuma gardama tsakanin ɓangarori biyu na zuciyar Gollum, inda mai wasa ke zaɓen wanda zai rinjaya. Tunanin mai kyau ne, amma aikin bai nuna ba, wasan ya fito cike da tangarɗa, ya shiga sahun waɗanda aka fi kushewa a shekarar. Kamfanin ya nemi afuwar jama'a, kuma kafin ƙarshen watan Yuni ya rufe sashensa na ƙera wasanni. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, duk mai son ya ji jinsin Elf na magana da Sindarin a wasan, sai ya biya kuɗi na daban. Harshen da marubucin ya ce dominsa aka gina labarin ya koma gyara da ake sayarwa a gefe. A watan Yulin 2025 kuma Wētā Workshop, kamfanin Niyu Zilan da ya ƙera makamai da sulken fina-finan, ya fitar da Tales of the Shire, wasan da babu faɗa a cikinsa, sai shuka da kamun kifi da girki da gayyatar maƙwabta cin abinci. Shi ma bai samu gagarumar karɓuwa wajen masu sharhi ba. Abin tsoron shi ne masu zuba jari su ɗauki darasin a baibai, su ce duk wasan da ba sara ba ya ciniki, alhali abin da aka fi kuka da shi a wasannin biyu shi ne ingancin aiki.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kiran a haramta wasannin nan ne, ko ina cewa duk yaron da ya buga su zai zama ɗan daba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2020, ta ce akwai 'yar alaƙa tsakanin wasannin faɗa da zafin rai, amma babu isasshiyar hujjar danganta su da aikata ta'asa. Damuwata ta fi kusa da aikina na malanta. Yaron da ya fara sanin labarin Zobe ta hanyar linzami zai tashi da yaƙinin cewa labari ne na yadda ake tara ƙarfi a murƙushe mugu, kuma zai rantse ya san labarin, tunda ya ga fuskokin, ya ji kiɗan, ya haddace sunayen. Wanda bai sani ba yana iya tambaya, amma wanda aka ba kwafin da aka juya, da wuya ya nemi asali.

Saboda haka ina da shawara ga iyaye da malamai. Mun saba cewa suna linzami ne, to a wannan fage sunan da ke kan kwali ba ya nuna inda aka dosa. Fina-finan uku an yi musu alamar sun dace da 'yan shekara 13 zuwa sama, haka ma wasannin 2002 da 2003 na matasa ne a ma'aunin Amurka. Amma Shadow of Mordor da Shadow of War na 'yan 17 zuwa sama ne a Amurka, 18 a Turai, alhali wasan LEGO na labarin da ya fito a 2012 an yi shi ne don 'yan shekara 10 zuwa sama. Duk labari ɗaya suke ɗauke da shi a goshi. Waɗannan alamomi na nan a jikin kwali ko a shafin da ake saukar da wasan, duba su ba ya cin minti ɗaya. Bayan haka, tambayar da muka saba yi wa yaro a gaban talabijin ita ce me kake kallo. A gaban na'urar wasa sai a sauya ta: me kake yi, me wannan madanni ke yi, wancan fa, me ake ba ka lada a kansa? Uban da ya zauna minti goma ya sa ɗansa ya lissafa masa aikin kowane madanni ya karanta ƙamus ɗin wasan gaba ɗaya. Idan kuma ya ɗora da tambayar abin da yaron ya so ya yi amma wasan bai ba shi dama ba, to ya fara koya masa nazari.

Daga ƙarshe, akwai hannunka mai sanda ga matasanmu masu koyon ƙera manhaja, waɗanda ko ba jima ko ba daɗe za su kai labaranmu cikin waɗannan na'urori. Ɗauki labarin Bayajida. Abu mafi sauƙi shi ne a ba mai wasa takobi a tura shi rijiyar Kusugu ya sare macijin, a ba shi maki. Amma wanda ya san labarin ya san saran nan ɗan lokaci kaɗan ne a cikinsa. Akwai baƙon da ya sauka gidan tsohuwa ya roƙi ruwa, akwai garin da ba ya samun ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, akwai masu ƙaryar cewa su suka yi aikin da yadda aka gano gaskiya, akwai sarauniya da auren da ya sauya tsarin mulki. Roƙo da saukar baƙo da tantance gaskiya da ƙulla yarjejeniya duk aikatau ne, kuma kowannensu na iya samun madanni idan mai ƙira ya ga dama. Ya kamata marubutanmu da masu riƙe da haƙƙin littattafanmu su karanta tarihin yarjejeniyar 1969 da kyau kafin su sa hannu a kowace takarda, su kuma nemi a rubuta musu a fili irin ayyukan da za a ba mai wasa ikon yi da sunan labarinsu.